Amsa ga Hajiya a Gadarif: kwalara, ambaliya da zuciyar da ta gaji

Wata baiwar Allah daga Gadarif, a gabashin Sudan, ta rubuto tana cewa: "Likita, gidanmu da muke mu 7 yanzu mu 19 ne, domin 'yan uwa sun zo daga Madani da Sinja tun da yaƙi ya raba su da gidajensu. A daminar 2024 ɗan ƙanwata mai shekara 4 ya fara amai da gudawa bayan isha'i, muka ce gari ya waye mu kai shi asibiti, bai kai hantsi ba. Tun daga nan idan hadari ya haɗu ba na iya barci. Ga damina ta sake gabatowa. Me zan yi in kare yaran da ke hannuna, kuma yaya mutum zai ci gaba da sa rai alhali masifa tana bin masifa?"

Hajiya, kafin komai ina yi muku ta'aziyya, ke da ƙanwarki. Allah ya jiƙan yaron, ya sa mai ceto ne, ya ba ku haƙurin rashinsa. Na tsaya a kan kalmominki na "muka ce gari ya waye", domin na ji su daga bakin iyaye masu yawa a lokacin da nake aiki a tantunan jinyar masu kwalara, kuma na san nauyin da ke cikinsu. Jiran safiya shi ne abin da kowane mai hankali zai yi da gudawar da ya saba gani, balle a daren damina a Gadarif, inda baƙar laka take riƙe ƙafar mutum da tayar mota. Babu wanda ya gaya muku a lokacin cewa wannan cuta da awa take lissafi. Saboda haka daga irin wannan daren zan fara, domin a ganina shi ne wurin da uwa take da iko fiye da kowane likita.

Ƙwayar kwalara tana shiga ta baki, cikin ruwa ko abinci da bayan gida ya taɓa, ta zauna a ƙaramin hanji ta saki wani dafi da ke sa hanjin ya riƙa zubar da ruwa da gishirin jiki maimakon ya tsotse su. Daga shigarta zuwa bayyanar ciwo yakan ɗauki rabin yini zuwa kwana 5. Idan ta yi tsanani, babban mutum yana iya zubar da kusan lita ɗaya a cikin awa ɗaya, gudawar kuma takan zo fara-fara kamar ruwan da aka wanke shinkafa, sau da yawa ba zazzaɓi ba murɗar ciki, abin da ke sa mutane su raina ta da farko. Abin da ke kashe mai kwalara shi ne ƙafewar ruwan jikinsa har jini ya kasa zagayawa, ƙoda ta tsaya. Yaro mai shekara 4 ba shi da ajiyar ruwa mai yawa, shi ya sa dare ɗaya ya isa. Amma wannan bayani yana da ɗaya fuskar: idan aka mayar da ruwan da gishirin da sauri daidai da yadda suke fita, jiki da kansa yana korar ƙwayar cikin 'yan kwanaki. Masu tsananin ciwon da ba a yi musu komai ba, har rabinsu suna iya mutuwa. Inda ake mayar da ruwa a kan lokaci kuwa, waɗanda ake rasawa ba su kai 1 cikin 100 ba. Mafi yawan masu kwalara kuma da abin sha kawai suke warkewa, ba tare da an sa musu ƙarin ruwa ta jijiya ba.

Abin shan nan shi ne ƙullin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake kira ORS. Ina roƙonki ki nemi ƙulli 10 ko fiye tun yanzu ki ajiye a leda inda danshi ba zai kai ba, ki duba jikin takardar ki ga ko na lita ɗaya ne ko na rabin lita. Idan babu shi, ki haɗa da kanki: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, wato robar ruwa ta rabin lita sau biyu, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Awon yana da muhimmanci ƙwarai, domin sukarin nan shi ne ke jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi gishirin, kuma wannan ƙofa tana nan a buɗe ko da dafin kwalara yana aiki. Idan sukari ya yi yawa sai ya jawo ruwa zuwa cikin hanji ya ƙara gudawar, dalilin da ya sa lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi ba sa maye gurbinsa. Idan gishiri ya yi yawa kuwa yana iya cutar da yaro.

A fara bayarwa daga gudawar farko, ba sai an tabbatar kwalara ce ba. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan-kaɗan. Mai shekara 2 zuwa 10 rabin kofi zuwa kofi ɗaya. Babba ya sha iya abin da zai iya. Idan ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali, cokali ɗaya kowane minti ɗaya ko biyu, domin ko yana amai wani abu yana zama. Mai shayarwa kada ta cire yaro daga nono. Abin da aka haɗa ya kwana ya yini a zubar a sake sabo. Idan akwai ƙwayar zinki a ba yaro kullum har kwana 10 zuwa 14, tana rage tsawon gudawar. Na san a gidajenmu akan dama garin ɗan kuka, ko a jiƙa bagaruwa, ko a aika a sayo Flagyl. Kunu da ruwan dafaffiyar shinkafa da ɗan gishiri suna da amfani a matsayin ƙari, amma Flagyl ba ya yi wa kwalara komai, maganin tsayar da gudawa kuma bai dace da yaro ba sam. Babbar illarsu ita ce sa mutane su zauna suna jiran su yi aiki alhali awoyi suna wucewa.

Ina so ki san asalin wannan haɗi, domin a wuri irin naku aka gwada shi. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladesh, miliyoyin mutane sun tsallaka zuwa Indiya a tsakiyar damina, kwalara ta ɓarke a sansanoninsu, ruwan da ake sawa ta jijiya kuma ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis, a garin Bangaon, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a manyan duro, ya miƙa kofuna ga iyaye da 'yan uwan marasa lafiya su riƙa shayar da su da kansu. Mace-macen da suke kusan 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da 4 cikin 100. Hannayen da suka yi wannan aiki na 'yan gudun hijira ne waɗanda ba su taɓa shiga makarantar likitanci ba.

Shayarwa a gida ba ta hana tafiya asibiti. Tare ake yinsu, ana tafe ana ba shi a hanya. Akwai alamomin da idan kin ga ko ɗaya, kada a jira asuba ko ɗaukewar ruwan sama: idanu sun faɗa, maɗigar jariri ta lotsa, an ja fatar ciki ta daɗe ba ta koma ba, fitsari ya ɗauke, hannu da ƙafa sun yi sanyi, sha-raɓa tana ɗaurewa, yaro ya yi laushi ya kasa sha ko yana amayar da komai. Mai juna biyu, tsoho, da yaron da ya rame saboda ƙarancin abinci, su a kai su tun daga farko ko alamomin ba su bayyana ba. Kuma a nan ne shiri yake raba gida da gida. Tun kafin ruwa ya sauka ki aiki wani babba ya gano wace cibiya ce mafi kusa da ke karɓar masu gudawa da dare, ku yi magana da mai rakasha ko mai karo a unguwa wanda ya yarda a tashe shi a kowane lokaci, ku ajiye lambarsa a wayoyi biyu, a ware kuɗin mota a hannu saboda Bankak, manhajar biyan kuɗi ta waya, ba ya aiki idan intanet ta ɗauke. Ku kuma yanke tun yanzu cewa duk macen da ke gida tana da izinin ɗaukar yaro ta fita ko maigida ba ya nan. Na ga yaran da aka kawo mana a makare saboda ana jiran wanda zai ce a tafi, kuma wannan magana ce da ya kamata mazan gidan su faɗa da bakinsu a gaban kowa.

Sai ruwan sha, wanda shi ne tushen al'amarin. An ayyana ɓarkewar kwalara a Gadarif a Satumban 2023, sabon zagaye ya taso daga jihar Kasala a daminar 2024, kuma kafin ƙarshen 2025 waɗanda aka ƙirga a faɗin Sudan sun haura 100,000. Abin da ya faru a garin Kosti, a bakin Farin Nilu, a Fabrairun 2025 ya nuna yadda abin yake tafiya: an kai hari kan tashar wutar lantarki, injinan ruwan famfo suka tsaya, mutane suka koma sayen ruwan da masu karo ke ɗebowa daga kogi, cikin 'yan kwanaki asibiti ya cika. Ba damina ba ce a lokacin. Damina tana ƙara haɗarin ne saboda tana cika masai ta kwashe abin da ke ciki zuwa rijiya da hafir, wato tafkin tara ruwan sama, da fasassun bututu. Don haka duk ruwan da ya shigo gidanki, na famfo ne ko na karo, ki ɗauka yana buƙatar gyara, komai kyan ganinsa.

Gyaran mataki biyu ne, kuma mutane sukan tsaya a na farko. Iyayenmu sun iya kwantar da ruwa mai laka da alif ko da dakakkun 'ya'yan zogale, wanda mutanen bakin Nilu suke kira rawwag, kuma dabara ce mai kyau. Sai dai ruwan da ya kwanta ya yi garau bai rabu da ƙwayar cuta ba, haka randa tana sanyaya ruwa ne kawai. Bayan ya kwanta a tsiyaye, sannan a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko a jefa ƙwayar kulorin a rufe a jira minti 30. Gawayi yana da tsada, mutum 19 kuma ba ƙaramin ruwa suke sha ba, shi ya sa na fi ba ki shawarar kulorin, a bar tafasawa ga na jarirai da na haɗa ORS. Ɗan warin da ake ji shi ne shaidar cewa yana aiki, kuma ba ya hana haihuwa ba ya lalata ƙoda kamar yadda ake yaɗawa a WhatsApp. Da shi ake gyara ruwan famfo a manyan biranen duniya fiye da shekara 100. Idan duka biyun sun gagara, a cika farar roba mai haske da ruwan da ya kwanta a shimfiɗa a rana tsawon awa 6, ko kwana biyu idan akwai gajimare.

Wurin da na fi ganin aikin yana lalacewa shi ne bakin randa. An gyara ruwa da kyau, sai yaro ya dawo daga wasa ya ɗauki moɗar da ke ƙasa ya zurma har wuyan hannu. Ruwan sha ya zauna a jarka mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayawa. Idan dole sai randa, a rufe ta, a rataye ludayi mai dogon hannu wanda ba a sha da shi. Wankin hannu kuma da sabulu, ko toka idan babu, bayan fitowa daga masai, bayan wanke wa yaro, kafin girki da kafin ci, ana zuba wa mutum daga buta, ba kowa ya tsoma a kwano ɗaya ba. Kashin jarirai yana ɗauke da cuta kamar na manya, a zuba shi a masai. Abinci a ci shi da zafi, kwantai a ɗumama har ya yi tururi, salak ɗin ɗanyen ganye da ƙanƙarar kasuwa a haƙura da su har annoba ta lafa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin bayan gida a mashaya da tsakiyar hanya da inuwar da mutane ke zama, kuma duk ilimin da muka karanta a kan wannan cuta yana komawa ga wannan hani.

Akwai maganar da ba ki yi ba amma na san ana yinta a unguwanni, cewa baƙin da suka zo su suka kawo cutar. Mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa jin komai, amma suna fitar da ita a bayan gida har kwana 10, saboda haka babu mai iya nuna wanda ya fara kawo ta, ɗan gari ne ko baƙo. Cunkoso a kan masai ɗaya da ruwa kaɗan shi ne matsalar, kuma maganinsa a haƙa masai na biyu nesa da rijiya da aƙalla mita 30, a ɗaga bakinsa sama da inda ruwa ke kwanciya, a yi masa murfi. Inda aka fara zargin juna, mutane sukan ɓoye mara lafiya don kunya, ɓoyewar kuma ita ke kashe shi ta kuma yaɗa cutar. Idan wani ya kwanta a gida, mutum ɗaya ya yi jinyarsa, a ware masa bokiti da kofi, a wanke tufafinsa nesa da wurin ɗiban ruwa. Idan rai ya yi hali, gawar mai kwalara tana da haɗari sosai: masu wanka su zama kaɗan, su sa safar hannu ko leda, a nemi ma'aikatan lafiya su kawo ruwan kulorin mai ƙarfi, a gaggauta jana'iza, waɗanda suka yi wankan kuma kada su taɓa abincin zaman makoki. Idan masu ɗigon rigakafi suka zo unguwa ki fito da kowa daga mai shekara ɗaya zuwa sama, har masu juna biyu. Saboda ƙarancinsa a duniya, tun 2022 sau ɗaya ake bayarwa a lokacin annoba, kariyarsa kuma ba cikakkiya ba ce, don haka gyaran ruwa yana nan daram.

Game da ruwan sama kansa, kin fi ni sanin gidanki. A 2020 Nilu ya haura mita 17 da rabi a Khartoum, ya wuce abin da aka gani a 1946 da 1988, mutane fiye da 100 suka rasu. A Agustan 2024 madatsar Arba'at da ke arewacin Port Sudan ta fashe ta share ƙauyuka. Amma a gari irin Gadarif abin da ya fi cin rai shi ne bangon ƙasa da ya sha ruwa kwana biyu ya faɗo cikin dare, da kuma ƙoƙarin tsallake kwari yana gudu. Ku yi yaɓe da gyaran indararo tun da wuri, ku haɗa gayya, abin da maƙwabtanmu ke kira nafir, ku yashe magudanar unguwa, a tara buhunan ƙasa a bakin ƙofa. Ɗakin da bangonsa ya tsage ko gindinsa ya jiƙe, a kwashe yara daga ciki a daren ruwa, gara rumfa a tsakar gida. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai gwiwa kuma yana tafiya da mota, don haka idan kwarin Khor Abu Farga ya kawo a jira shi ya sauka, ko da sama ta washe, domin ruwan da aka yi a nesa ne yake isowa. Takardun rakam watani, wato shaidar ɗan ƙasa, katin rigakafin yara, maganin masu hawan jini da ciwon sukari, tocila da ƙullin ORS su zauna a jaka ɗaya cikin leda, a rataye a sama. Bayan ruwa a kula da wayar lantarki da ta faɗo, a kuma zazzage takalmi da shimfiɗa saboda kunama da maciji.

Makonni kaɗan bayan ruwa sauro yake karɓar aiki. Kowa ya kwana a gidan sauro, kuma duk zazzaɓi a je a yi gwajin jini a ranar. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da kankasha, wato chikungunya, wadda ta kwantar da Kasala a 2018, da rana yake cizo, kuma a cikin ruwa mai tsabta na duro da randa da tsohuwar taya yake ƙyanƙyasa, cikin kamar mako ɗaya. Ajiyar ruwan da na ce ki yi tana iya zama gidansa idan ba a rufe ba, don haka kowace Juma'a a juye mazubai a goge cikinsu. Mai zazzaɓin da ba a san irinsa ba a ba shi farasitamol kawai, a guji asfirin da ibuprofen da diclofenac, domin idan dengi ne suna iya jawo zubar jini.

Yanzu ga rabi na biyu na tambayarki, wanda na fi jin nauyinsa. Rashin barcin da kike yi idan hadari ya haɗu ba raunin imani ba ne. Jikin da ya ga abin tsoro a daren ruwa yakan haɗa ƙarar tsawa da wannan dare, ya riƙa tashin mutum tsaye don ya yi gadi. Annabi da kansa ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin abin da ba zai yardar da Ubangijinmu ba. Ya kuma lissafa mai mutuwa da ciwon ciki, da wanda ya nutse, da wanda gini ya rushe a kansa, da wanda annoba ta ɗauka cikin shahidai. Duk lokacin da na karanta wannan hadisi sai in ga kamar daminarmu ake siffantawa, kuma ina fatan ki karanta wa ƙanwarki shi.

Ga masu cewa shiri ƙin yarda da ƙaddara ne, akwai amsar Sayyidina Umar lokacin da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar komawa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Na kawo wannan ne saboda abin da na gani a wurin aiki: tsoro ya fi cin wanda bai san abin da zai yi ba. Uwar da ta san inda ƙullin ORS yake, ta san awon cokali, ta san wa za ta kira, tana jin tsoro ita ma, amma tsoronta yana da inda zai tafi. Don haka kada ki ɗauki wannan kaya ke kaɗai. Mutum 19 nauyi ne, amma hannaye ne kuma. Ki ba wata budurwa aikin kulorin kowace safiya, wani saurayi magudana da masai, yara ƙanana su zama masu tsaron buta da sabulu. Baƙin da suka bar gidajensu sukan ji sun zama kaya a kan mutane, aiki yana mayar musu da mutuncinsu, yara kuma sukan natsu idan an gaya musu gaskiya daidai hankalinsu aka ba su abin yi, aka bar musu lokacin karatun allo da wasa yadda suka saba.

Ki rage sauraron labarai zuwa sau ɗaya ko biyu a yini, daga rediyo ko ma'aikatan lafiya, ki daina buɗe bidiyon gawarwaki da ake turowa, musamman da dare. Ki riƙe zaman shayi da maƙwabta, da zikirin safe da yamma, da tafiya gaisuwa, domin keɓewa tana ninka damuwa. Idan da hali ki shiga aikin takiyyar unguwa, inda ake dafa abincin sadaka, ko da yankan albasa ne. Waɗannan tukwane da ɗakunan agajin gaggawa da matasa suka kafa sun ciyar da mutane masu ɗimbin yawa tun daga Afrilun 2023, a wuraren da babu wata hukuma da ta isa, kuma ni a can nake samun abin da ke riƙe ni idan na gaji. Mu ma ba yau muka fara ba. Kakannin wasunmu sun taso bayan yaƙin Burmi a 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wasu kuma sun biyo hanyar hajji a ƙafa shekara da shekaru, suna binne nasu a hanya, suka kafa garuruwa a bakin Shuɗin Nilu suka noma dawa da riɗi a ƙasar da kike zaune a kai. Ba na faɗin haka don in rage girman abin da ya same ku. Ina tuna miki ne cewa karɓar baƙi 12 a gida ɗaya abu ne da jininki ya sani.

Ƙanwarki kuwa ki sa mata ido a hankali. Ki bar ta ta ambaci sunan ɗanta ta yi kuka, kada a riƙa katse ta da "ki yi haƙuri" tun kafin ta gama magana, kuma ki gaya mata a fili cewa likita ya ce ba sakacinta ba ne. Idan makonni suna wucewa ba ta ci ba ta barci, ta daina kula da kanta da sauran yaranta, ko ta fara cewa gara ta bi shi, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta wurin likita a faɗa masa haka kai tsaye, domin wannan ciwo ne da ake magani. Ke ma idan rashin barcin ya hana ki aikin yini, ki faɗa a cibiyar lafiya ba tare da jin nauyi ba.

Ƙwayoyin kulorin suna zuwa da ƙarfi daban-daban, wata ta jarka mai lita 20 ce, wata ta ƙaramin mazubi, wata kuma ta babban duro. Idan kin samo naku, ki rubuto mini lambar da ke jikin takardar da girman jarkar da kuke amfani da ita, zan gaya miki guda nawa za ki riƙa sawa.